Me Ya Hana Zinariya Tsatsa?

Duk wanda ya taɓa manta fartanyarsa a gona cikin marka, ya koma bayan kwana bakwai ya tarar bakinta ya yi jajawur da tsatsa, alhali kuwa 'yan kunnen zinariyar da mahaifiyarsa ta gada daga kakarta sun sha ruwa da gumi da rana shekara da shekaru ba su sauya launi ba, to, ya riga ya ga mas'alar wannan maƙala da idonsa, ko da bai taɓa taka ƙofar ajin kimiyya ba. Duka biyun ma'adinai ne, daga ƙasa aka haƙo su, wuta ce kuma ta sarrafa su a hannun maƙeri; amma ɗaya, da zarar ya sami iska da laima, sai ya shiga haɗuwa da su har ya rikiɗe ya zama wani abu mai marmashewa, ɗayan kuwa ya tsaya a kan halinsa kamar babu abin da ya kewaye shi. Wannan bambancin hali, wato yadda wani sinadari ke ɗokin haɗuwa da ɗan'uwansa, wani ke nawa, wani kuma ke ƙi ƙememe, shi ne ginshiƙin ilmin sinadarai gaba ɗayansa.

Kafin mu yi nisa, ya wajaba mu daidaita lafazi, don kuwa kalmar sinadari a bakinmu ta zama jakar magori, kome ana zubawa a cikinta. Malaman mantiƙi sun raba abubuwa gida biyu, basiɗi da murakkabi, wato tilo da harhaɗaɗɗe, wannan rabo kuwa ya dace da buƙatarmu sarai. Basiɗi, wanda Larabawa ke kira unsur, mu kuma za mu riƙa ce masa sinadarin asali, shi ne wanda duk yadda aka ƙona shi, aka narkar, aka tace, ba za a fitar da kome daga cikinsa ba sai shi kansa. Murakkabi kuwa shi ne abin da ke samuwa idan sinadaran asali biyu ko fiye suka ƙullu da juna ƙulli na haƙiƙa, a kan ƙayyadadden ma'auni, har siffofinsu na farko suka ɓace. Wannan ya sha bamban da gaurayar gero da tsakuwa, wadda mace za ta raba da rairaya a ƙwarya. Hukaman Yunan sun ɗauka asalan huɗu ne, ƙasa da ruwa da iska da wuta, a kan haka kuma Jabir bin Hayyan da waɗanda suka biyo bayansa suka gina bincikensu. Amma tun a wancan zamani Abubakar Razi, likitan birnin Rayyu, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, ya lura cewa ma'adinai ba halinsu ɗaya ba, har ya ware waɗanda ke tashi idan sun ji wuta, irin su zaiba da farar wuta, ya kira su arwahi, ya ware ƙarafa masu zama daram ya kira su ajsadi. A yau masana sun ƙidaya sinadaran asali 118, wajen casa'in daga cikinsu ana samunsu a halitta, saura kuwa a ɗakunan bincike aka ƙago su.

Babu misalin da ya kai gishiri bayyana ma'anar murakkabi. Gishirin da ayarin raƙuma ke saukowa da shi daga Bilma, jigonsa sinadarai biyu ne: sodiyam, wani ƙarfe mai laushi da wuƙa ke yankawa kamar sabulu, wanda in an jefa shi a ruwa sai ya yi ta gudu yana huci a kansa, wani lokaci har ya kama da wuta, da kulorin, wata iska mai launin kore-kore mai shaƙe numfashi, wadda aka yi amfani da ita aka halaka sojoji a Beljiyam cikin watan Afrilu na 1915. Kowannensu shi kaɗai ajali ne, amma da suka sadu suka biya wa juna buƙata, sai suka natsu suka zama abin da miya ba ta daɗi sai da shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan babi shi ne, tarihin sanin ɗan Adam da ƙarafa ya bi sawun wannan hali sau da ƙafa. Zinariya, saboda ba ta haɗuwa da iskar oksijin, a tsarkake ake tsintarta cikin yashin rafi ko jijiyar dutse, shi ya sa tana cikin ƙarafan farko da mutum ya sani. Azurfa ta ɗan fi ta sakin jiki, don haka take yin baƙi idan ta daɗe tana shaƙar burbushin farar wuta da ke cikin iska. Jan ƙarfe ya fi azurfa, shi ya sa tsohuwar tasa ke yin kore. Baƙin ƙarfe kuwa ba a cika samunsa tsantsa a doron ƙasa ba, sai dai a jikin duwatsun da ke faɗowa daga sama. Mafi yawan ragowarsa ya riga ya ƙullu da oksijin ya zama tama. Aikin masu narkar da tama na dā, irin waɗanda riwayar Kano ta ce sun zo daga Gaya suka sauka a gindin Dala, shi ne raba wannan ƙulli: su jera tama da gawayi a cikin rahoniya, su yi ta zuga har wuta ta kai maƙura, sai gawayin, wanda a cikin tsananin zafi ya fi ƙarfe kwaɗayin oksijin, ya fizge ta ya tafi da ita a hayaƙi, ya bar ƙarfe a ƙasa. Tsatsar da ke cin fartanya ba kome ba ce illa ƙarfe yana komawa halin da aka raba shi da shi da ƙarfin wuta.

Akwai kuma ƙarafan da gawayin maƙera bai iya ƙwace musu abin da suka riƙe ba. Alminiyam, wanda ake ƙera tukwane da shi yau a kowace kasuwa, shi ne ƙarfe mafi yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 8 cikin ɗari, yana cikin yumɓun da muke gini da shi, amma saboda tsananin riƙonsa ga oksijin babu wanda ya gan shi sai a 1825, bai kuma yi arha ba sai bayan 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano hanyar ɓamɓaro shi da wutar lantarki. Haka sodiyam da ɗan'uwansa fotasiyam: kakanninmu sun yi ƙarnoni suna jiƙa kanwa, suna tace ruwan toka, ba tare da sanin cewa akwai ƙarafa ɓoye a cikinsu ba, sai a 1807 Humphry Davy ya fito da su a birnin Landan, shi ma da lantarki. Har yau ba a iya ajiye su a fili, sai a nutse cikin kananzir ko mai, don kada iska ta taɓa su. Masu sha'awar lugga za su so jin cewa harafin K da ake yi wa fotasiyam alama da shi ya samo asali ne daga kalmar Larabci ƙalyu, wato tokar tsiro, alamar sodiyam kuma, Na, daga naɗrun, wato kanwa.

Gwarzon masu zafin nama kuwa shi ne fulorin, wata iska mai launin ruwan ɗorawa fari-fari, wadda ke haɗuwa da kusan kowane sinadari, ta ci ƙarfe, ta ci katako, har ruwa ma yakan kama da wuta a cikinta. Masana sun san da ita shekaru da dama kafin su iya kama ta, domin duk mazubin da aka tanada sai ta cinye shi ta ƙullu da shi, kuma gubar kayan da ake sarrafawa don nemanta ta nakasa wasu masu bincike, ta yi ajalin wasu, cikinsu har da Paulin Louyet ɗan Beljiyam da Jérôme Nicklès ɗan Faransa. Henri Moissan ne ya yi nasarar ware ta a Faris cikin 1886, da kayan aiki na fulatinam da ya sanyaya ƙwarai. Amma ita ma kamar sodiyam da kulorin take: idan ta sami abokin ƙulli sai ta riƙe shi gam, ta natsu natsuwar da babu kamarta, har ta kai ga wani murakkabinta da kabon, wato sinadarin gawayi, ake shafe kaskon suya da shi don kada abinci ya kama, wani kuma ake sa shi cikin man goge baki.

A ɗaya ƙarshen akwai wani gida na sinadarai waɗanda ƙin cuɗanya ne ya ɓoye su. A 1785 Henry Cavendish ya yi ta sarrafa iska a cikin bututun gilashi har kusan dukkanta ta haɗu da wasu abubuwa, sai wani ɗan kumfa ƙanƙane da ya ƙi. Ya rubuta abin da ya gani, aka bar maganar fiye da shekara ɗari. Daga baya Lord Rayleigh ya lura cewa naitirojin da ya tace daga iska ta fi wadda ya samo daga wasu murakkabai nauyi da ɗan kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin ɗari biyu, bai kuma yarda ya kira wannan kuskuren awo ya wuce ba. Shi da William Ramsay suka bi diddigi, a 1894 suka bayyana sabon sinadari, suka raɗa masa suna argon, daga kalmar Yunananci mai nufin malalaci. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da muke shaƙa argon ne, yana shiga huhu ya fita yadda ya shiga. Kafin ƙarnin ya ƙare an sami 'yan'uwansa hiliyam da niyon da kirifton da zinon. Wannan ƙin nasu ma ya zama amfani, domin da argon ake cika ƙwan fitila irin na dā don kada zaren ciki ya ƙone, da shi kuma masu walda ke lulluɓe narkakken ƙarfe don tsare shi daga oksijin.

To, mene ne sababi? Edward Frankland ya lura tun 1852 cewa kowane sinadari yana da adadin hannuwan da yake kamawa da su: haidurojin ɗaya, oksijin biyu, shi ya sa ruwa yake zarra biyu ta haidurojin a kan ɗaya ta oksijin, ba ƙari ba ragi. Dmitri Mendeleev na ƙasar Rasha kuma, da ya jera sinadaran da aka sani a 1869 cikin jadawali bisa nauyinsu, ya ga halayen suna maimaituwa kamar kwanakin mako. Amma sababin abin bai bayyana ba sai da aka leƙa cikin zarra kanta. Zarra tana da cibiya, kewaye da cibiyar kuma akwai 'yan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, waɗanda ke tsayawa sahu-sahu, na kusa da cibiya yana ɗaukar biyu, na biye da shi takwas. Bayanin da Gilbert Lewis a Amurka da Walther Kossel a Jamus suka kawo a 1916 shi ne, zarra ba ta samun natsuwa sai sahunta na waje ya cika, kuma duk haɗuwar sinadarai a kan wannan sahu na waje ake yinta. Niyon yana da ilektiron goma, biyu da takwas, sahunsa a cike, ba ya nema, ba ya bayarwa. Sodiyam yana da sha ɗaya, wato biyu da takwas da wani guda ɗaya tilo a sabon sahu, wanda rabuwa da shi ta fi masa sauƙi. Kulorin yana da sha bakwai, biyu da takwas da bakwai, saura ɗaya ya cike. Idan mai rarar ɗaya ya gamu da mai giɓin ɗaya, me zai hana ciniki faɗawa nan take? Fulorin kuwa giɓin ɗaya gare shi shi ma, sai dai zarrarsa ƙarama ce, sahunsa na waje dab da cibiya yake, saboda haka jansa ya fi na kowa ƙarfi. Ina ganin da malamanmu na sakandare za su fara da wannan, da kanwa da ƙusa mai tsatsa a kan tebur, maimakon tilasta wa yara haddar jadawali ba tare da sharhi ba, da ba a sami masu gudun wannan fanni da yawa haka ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauki ƙa'idar takwas a matsayin hukuncin da ba shi da togaciya. Zinariya ba ta bi ta wannan lissafi ba. Sirrinta shi ne cibiyarta mai nauyi tana riƙe ilektiron ɗinta na waje da ƙarfin da oksijin ba ta iya ƙwacewa, duk da haka akwai wani ruwa, gaurayen asid iri biyu, da ake kira ruwan sarauta, wanda ke narkar da ita. Su kansu masu cikakken sahu, an shafe shekaru ana karantarwa a makarantu cewa mustahili ne su haɗu da wani abu, har ranar 23 ga Maris 1962, lokacin da Neil Bartlett, wani Baturen Ingila mai koyarwa a jami'a a Bankuba ta ƙasar Kanada, ya gwada abin da wasu ba su gwada ba. Ya riga ya ga cewa wani jan tururi na fulatinam da fulorin yana iya fizge ilektiron daga oksijin kanta. Ya duba lissafi ya ga ƙarfin da zinon ke riƙe nasa da shi kusan daidai yake da na oksijin, domin zinon babbar zarra ce mai sahu biyar, na wajen ya yi nisa da cibiya. Sai ya yi ƙiyasi cewa abin da ya ci wancan zai ci wannan. Da ya fasa shamakin da ke tsakanin iskokin biyu, nan take wani ƙullutu mai launin ruwan lemo ya kwanta a jikin gilashi. Bayan shekara guda aka ƙulla kirifton da fulorin, a shekarar 2000 kuma masu bincike a Helsinki suka tilasta wa argon haɗuwa, amma a cikin sanyin da ya zarce digiri 240 ƙasa da daskarewar ruwa. Hiliyam da niyon dai har yau ba a sami murakkabinsu da zai zauna a kwalba cikin yanayi irin namu ba.

Wata togaciyar kuma ta shafi cikin kowane manomi. Naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iska, tana da giɓi har uku, don haka a zahiri kamata ya yi ta zama mai ɗoki. Amma zarrarta biyu-biyu suke kama juna da hannuwan nan uku duka, ƙulli mai wuyar kwancewa, har ya zamana dawa da masara suna tsaye cikin tekun naitirojin suna ramewa don rashinta. Walƙiya tana kwance kaɗan, wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin ƙululun saiwar wake da gyaɗa suna kwance wani, wanda shi ne hikimar da ke cikin al'adar manomanmu ta shuka wake a tsakanin gero. Ɗan Adam bai iya wannan aiki da yawa ba sai da Fritz Haber ya nuna hanya a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a Jamus a 1913, da zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani. Duk buhun takin yuriya da aka sauke a ƙauye ta wannan ƙofa ya biyo.

Yanzu sai mu zo kan wanda, a ganina, ya cancanci sarautar wannan fage, ba kuwa fulorin mai zafin nama ba ne. Tambayoyi biyu ne a nan waɗanda sau da yawa akan cakuɗa su: wane ne ya fi saurin haɗuwa, kuma wane ne ya fi yawan abin da yake iya ginawa? Fulorin hannu ɗaya gare shi. In ya kama abu guda, shi ke nan, zance ya ƙare. Kabon kuwa, wato sinadarin gawayi da baƙin fensir da lu'ulu'un daimon, ba shi da gaggawa ko kaɗan, buhun gawayi zai shekara a zaure bai canza ba sai an kai masa wuta. Amma ilektiron huɗu ne a sahunsa na waje, rabin takwas daidai, bayar da huɗu ya yi masa yawa, karɓar huɗu ma haka, saboda haka sai ya bi hanyar tarayya, ya haɗa hannu da maƙwabta huɗu, kowa ya sa nasa a yi musharaka. Babbar baiwarsa, wadda August Kekulé da Archibald Couper suka gano kowa da kansa a 1858, ita ce yana kama ɗan'uwansa kabon da ƙarfi, wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, a yi sarƙa mai tsawo, ko mai rassa, ko zobe, sauran hannuwan kuma su riƙe haidurojin ko oksijin ko naitirojin. Kabon ɗaya da haidurojin huɗu shi ne iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen juji. Uku ko huɗu a jere, gas ɗin girki. Wajen takwas, fetur. In sarƙar ta ƙara tsawo a sami kananzir, sannan man dizal, sannan kwalta. In ta kai dubbai, ga leda. Sukari da man gyaɗa da audugar riga da babar da ake rini da ita a marinar Ƙofar Mata, duka a kan wannan ƙashin baya aka gina su.

Mai tambaya zai iya cewa, ai silikon ma hannu huɗu gare shi, a gida ɗaya suke da kabon a jadawali, ya kuma fi shi yawa a ƙasa nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma zarrar silikon ta fi girma, riƙonsa ga ɗan'uwansa silikon rarrauna ne, riƙonsa ga oksijin kuwa mai tsanani, don haka duk inda ya juya sai ya faɗa hannun oksijin ya zama yashi da dutse. Kabon da oksijin biyu iska ce mai yawo, wadda ganye ke zuƙa ya gina hatsi da ita. Silikon da oksijin biyu rairayin hamada ne. Da wannan ɗan bambanci na girman zarra da ƙarfin riƙo Allah cikin hikimarsa ya sa ɗaya ya zama kayan ginin duwatsu, ɗayan kayan ginin masu rai.

An daɗe ana zaton murakkaban jikin mai rai ba sa samuwa sai ta hanyar rai, har Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin bincikensa a 1828 daga gishirin ma'adini, daga nan ƙofa ta buɗe. Yau murakkaban kabon da aka sani ana lissafa su da miliyoyi masu yawa, sun ninka waɗanda babu kabon a cikinsu sau da dama, kullum kuma ƙaruwa suke yi, har ya zama an ware masa reshe guda na ilmin sinadarai shi kaɗai, sauran 117 suka taru a ɗaya reshen. Kai kanka, ya mai karatu, in nauyinka kilo sittin ne, wajen kilo goma sha ɗaya daga ciki kabon ne.